Zagaye Biyun Da Na Yanke

Ranar Lahadi

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ciwon gwiwar nan, ya sake ki kuwa? Mu nan lafiya lau. Maman Yara tana gaishe ki, ta ce har yanzu tana jiran hotunan da kika yi mata alkawari.

Kin ce in daina kiranki a waya ina "to, to, shi ke nan" ba tare da na faɗi abin da ya sa na kira ba, in rubuta kawai. To ga shi na rubuta. In kin ga tabon baƙin mai a gefen takardar, kin san wanda ya aiko.

Maganar Autanki ce. Ke kika goye shi bayan rasuwar Mama, ke kika shagwaɓa shi, ni kuma aka bar ni da gyara. Ya sayi mota ja wur, mai ƙofa biyu, da wani ɗan gurbi a baya da ko akuya ba za ta yarda ta zauna ba. Motar tsere ce, irin wadda ake lulluɓewa a fito da ita ranar hutu. Shi kuwa da ita yake zuwa ofis kullum, da ita yake sauke matarsa Malama a makarantar da take koyarwa, da cikinta wata biyar. Sai ki ga baiwar Allah tana dafa rufin mota tana nishi kafin ta iya fitowa.

Ranar Laraba ya shigo gareji ya ce motar ta yi masa tsayi. Tsayi, Yaya! Motar da in na tsaya kusa da ita rufinta bai kai ƙirjina ba. Wai a sauke ta ƙasa har taya ta shige cikin jiki, yadda ya gani a waya. Na ce ana yi, amma akwai sifirin na musamman da ake sayowa, gajeru masu tauri, kuma in an yi oda sai an jira sati shida. Sifirin, in kin manta, shi ne murɗaɗɗen ƙarfen nan da ke saman kowace taya, shi ke ɗauke da nauyin mota. Ya ce shi ba ya jira, in yanke waɗanda ke jiki. Na ce shekara ashirin da biyu ina wannan aiki, ban taɓa yanke sifirin ba, kuma ba a kansa zan fara ba.

Kin san idonsa in ya juye. Ban rufe baki ba ya ɗauki hannun jak ya maka wa gilashin wata motar mutane da ke jiran birki, gilashin ya zube a kan kujeru. Ya hamɓare garwar baƙin mai, ya shaƙe min wuyan riga har maɓalli biyu suka yi tsalle. Wai tun muna yara ba na son in ga ya samu abu. Ni, Yaya! Ni da na koya masa tuƙi. Sai ya sake ni ya ce ba komai, zai kai ta wajen mai walda na bayan kasuwa, shi da wuta yake gasa sifirin har ya zauna.

Wannan maganar ce ta karya ni, ba shaƙar ba. Sifirin da aka gasa da wuta ya mutu, wata rana yana tafiya zai ɓalle biyu. Na ce a raina gara hannuna da na wancan. Na ɗaga motar, na kwance ƙafafun huɗu, na matse kowane sifirin da maƙatansa, na sa giranda na yanke zagaye ɗaya-ɗaya. Da na sauke ta, Auta ya zagaya, ya tura yatsu tsakanin taya da jikin mota, uku suka shige. Ya ce ɗaya yake so ya shige. Na sake ɗagawa na yanke na biyu, ina yi ina zagin kaina.

Ga abin da ya sa na rubuto. Da na gama, na ɗaga gaban motar don in ƙara ɗaure notuna, sai na taɓa sifirin na gaba, ɓangaren da Malama take zama, na ji yana motsi a hannuna. Ya yi gajarta. In nauyin mota yana kansa yana zaune daram, amma in taya ta rataya a iska sai ya saki mazauninsa. Auta yana waje yana waya. Na ɗauko wayar ƙarfe na ɗaure shi wuri uku, na sauke motar, ban ce masa komai ba. Abin da aka yanke ba ya komawa, in na faɗa sai motar ta kwana sati shida a gareji, kuma kin ga abin da ya yi a kan ƙasa da haka. Kunya ma tana ciki, ba zan ɓoye miki ba. Cewa kawai na yi ya riƙa bin tudu a hankali.

Ya rungume ni yana "Injiniya, Injiniya, ba ka da na biyu," kamar ba shi ya yaga min riga ba. Na yi odar sifirin na gaskiya ba da saninsa ba. In kun yi waya ki ce masa ya rage gudu, maganarki kaɗai ke shiga kunnensa. Amma don Allah kada ki ambaci wayar ƙarfen.

Ki gaishe da maigida da yara. Allah Ya bar zumunci.

Ƙaninki,
wanda kika raɗa wa Baƙin Mai


Ranar Alhamis

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarki da ta mutanen gida. Na samu amsarki, na kuma karanta faɗan da kika yi min sau biyu, ban ga inda kika yi ƙarya ba. Kin ce in gaya masa. Zan gaya masa, amma ki bari ki ji abin da ya faru tukuna. Ina rubutun nan da ɗinki huɗu a bayan kunne.

A layin su Auta, daidai gangaren nan kafin mararraba, akwai tudun siminti da aka yi don rage gudu. Wani dattijo ne ya gina shi bara, kowa Magini yake ce masa, bayan wata motar kaya ta banke matarsa tana tsallaka titi. Har yau da sanda take tafiya. Tudun ba wani babba ba ne, kowace mota tana hawa ta sauka. Amma tunda na sauke ta Auta, kullum safiya sai an yi wasan kwaikwayo. Sai ya tsaya, Malama ta fito don a rage nauyi, ya karkata motar ya hau da taya ɗaya-ɗaya, cikin motar yana gurzar siminti yana ƙara har cikin haƙori. Masu zama a bakin shagon tela sun mayar da abin kallo. In ya haye sai su tafa masa.

Shekaranjiya Talata salansar motar, bututun hayaƙin nan, ta maƙale a tudun ta cire gaba ɗaya, ta zauna a tsakiyar titi tana hayaƙi. Aka ce wani har faɗowa ya yi daga benci don dariya. Ina ƙarƙashin wata mota sai na ga ƙafafun Auta sun wuce ni, bai yi sallama ba, ya ɗauki babbar gudumata ya fita. Na hau babur na bi shi da kayan aiki a jikina.

Na tarar ya cire rigar ofis yana dukan tudun, siminti yana tartsatsi, mutane sun yi da'ira. Ya fasa kusan rabi sai ga Magini ya fito, bai ɗaga murya ba, ya zo ya zauna a kan ragowar ya miƙe ƙafa. Ya ce, "Ɗana, sai dai ka fasa da ni." Yaya, mutumin nan ya girmi Baba da yana raye. Auta ya jefar da guduma, ya kama ƙafarsa ya ja shi a kan fasasshen siminti, riga ta tattare, fatar bayansa ta saɓule. Ina jin ƙarar kansa yana bugun ƙasa.

Sai ga ɗan Magini, wani ƙato mai aikin ɗaukar bulo, ya taho da shebur ya kawo wa Auta sara a ka. Auta ya sunkuya, bakin shebur ya sauka a ƙofar motar ya tsaga ta tun daga madubi har ƙasa. Da Auta ya ga wannan tsagar sai ya zama wani abu daban. Ya yi wa ƙaton karo da ka a hanci, na ji ƙas, jini ya wanke masa gaban riga. Dattijon ya taso zai raba, Auta ya juya ya ba shi naushi a baki, haƙora biyu suka faɗo a kan titi. Na shiga tsakani ina kiran sunan Allah, ƙotar shebur ta same ni a bayan kunne, ban ma san wa ya kawo ta ba. Na durƙusa ina ganin titi yana juyawa.

Malama ce ta tsayar da abin. Ta yi ta ihu har muryarta ta dishe, sannan ta zauna daɓas a ƙasa ta riƙe ciki. Nan kowa ya ja baya. Amma kin san ɗan naki, sai da ya sake ɗaukar gudumar ya ƙarasa fasa tudun a gaban kowa, hannunsa duk jini, sannan ya ɗauki matarsa. Magini ya tofar da jinin bakinsa ya ce ko sau goma aka fasa, sau goma zai gina, matarsa ba za a yi mata sau biyu ba.

An duba Malama, cikin lafiya lau, alhamdu lillahi. Manyan layin sun shiga maganar, an hana kai ta wajen 'yan sanda. Jiya Auta ya kawo motar in mayar da salansar. Da na shiga ƙarƙashi na duba ɗaurin nan, ɗaya daga cikin ukun ya tsinke. Na sake ɗaurewa. Na fito da niyyar in faɗa masa, wallahi da niyya na fito, sai na same shi yana shafa tsagar ƙofar nan, jijiyar wuyansa tana harbawa. Na ce masa an gama. Saura sati uku sifirin su iso, tudun kuma babu shi yanzu, na ce Allah zai rufa asiri.

Ki yi mana addu'a. Maman Yara tana gaisuwa, ita ma ba ta san zancen ɗaurin ba.

Ƙaninki,
Baƙin Mai


Ranar Juma'a

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Yaya ƙarin haƙurinmu? Na san an kira ki an gaya miki, kuma na ga kiranki sau tara ban ɗauka ba. Ki yafe min. Abin da zan faɗa ba zai fito ta bakina ba.

Abin da aka gaya miki gaskiya ne. Auta da matarsa sun yi kwana uku a gidan iyayen Malama, a cikin kwanakin nan Magini ya sake gina tudun, bai kai ga shafa masa farin fenti ba. Ranar Litinin da safe suka biyo ta gida ɗaukar takardun makarantarta, sun makara, Auta ya gangaro layin a guje da sanin titi a shafe yake. Motar ta daki tudun ta tashi sama. Waɗanda suka gani sun ce tana dira aka ji ƙara kamar bindiga, tayar gaba ta fashe, motar ta kwashe gefe ta rungumi turken wuta, daidai ƙofar Malama. Ni aka kira na yanke ƙofar da giranda kafin a iya zaro ta. Ina yanka ina ganin ƙafarta ta juya inda ƙafa ba ta juyawa, jini yana bin kujera yana ɗiga a kan takalmina. Cikin bai tsira ba. Ɗa namiji ne, Yaya. Mun binne shi ranar da yamma. Ita kuma ƙugu ya karye, kai ya bugu, yau kwana biyar ba ta buɗe ido ba. Auta ƙwarzane ɗaya ya samu a goshi.

Daga maƙabarta bai koma asibiti ba, gidan Magini ya nufa. Ya ɓalle ƙofar da ƙafa, ya farfasa duk abin da ya tarar a tsakar gida, ya zuba fetur a kan katakan gini da baro ya cinna wuta. Ɗan Magini ya fito, Auta ya karya masa hannu da guntun katako, ƙashin har ya huda fata. Tsohuwar tana jan jiki da sandarta tana roƙonsa. Magini ta katangar baya maƙwabta suka fitar da shi. 'Yan sanda sun riƙe Auta kwana biyu, aka je aka yi ta ba da baki saboda halin da matarsa take ciki, suka sake shi. Ya fito ya rantse a gabana cewa sai ya kashe tsohon nan, ko a cikin masallaci ya same shi. Sifanar taya, ƙarfen kwance notuna, yake yawo da ita a cikin riga. Ba cika baki yake ba, na san shi.

Kin san inda Magini yake? Yana garejina, a ɗakin ajiya, cikin tsofaffin tayoyi. Shi ya kawo kansa, ya ce nan ne kaɗai Auta ba zai duba ba, kuma ya ga na sha duka a kansa ranar nan. In na kai masa abinci ba ya ci. Kuka yake da bakin nan nasa mai giɓi, yana cewa shi ya kashe jaririn, da ya shafa fentin tun ranar Asabar. Ni kuma ina tsaye ina ce masa ya yi haƙuri, ƙaddara ce.

Ba shi ba ne, Yaya. Da aka jawo motar gareji na shiga ƙarƙashinta ni kaɗai. Da ta tashi sama taya ta rataya, ɗaurina ya tsinke, sifirin ya fice daga mazauninsa. Da ta dira, bakin da na yanke, mai kaifin nan, shi ya soki tayar ta ciki ya farke ta. Na same shi a cake a jikin robar, guntun wayata yana lilo a jikinsa. Duk wata lafiyayyar mota da ta daki tudun nan da wannan gudun, tsalle za ta yi, ta gurji ciki, mai ita ya yi zagi ya wuce. Na zare sifirin na ɓoye a ƙasan akwatin kayan aikina. Sababbin kuma sun iso shekaranjiya, kwana biyu bayan abin, suna nan a kwalinsu ban iya buɗewa ba.

Sau biyu kika ce in faɗa masa, sau biyu na ce to. Yanzu in na yi shiru zai kashe mutumin da ba ruwansa, ya ƙare rayuwarsa a kurkuku ko a igiya. In na faɗa, kin san inda sifanar za ta sauka. Tsoro nake ji, ba zan yi miki ƙaryar jarumta ba. Ina tsoron dukan, kuma ina tsoron yadda zai kalle ni fiye da dukan.

Kin ce a wajen aikinki ba za su ba ki hutu ba sai ƙarshen wata. Ki roƙe su, ki yi musu kuka in ta kama. Zan yi ƙoƙari in fitar da tsohon daga gari kafin nan, amma ya ƙi tafiya ya bar matarsa da ɗansa a kwance.

Allah Ya ba Malama lafiya, Ya jiƙan wanda ya tafi.

Ƙaninki


Ranar Talata

Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da maigida da yara, da fatan kowa yana lafiya. Kada rubutun ya ba ki mamaki, Maman Yara ce take rubutawa ina faɗa mata. Ina asibiti, hawa ɗaya tsakanina da ɗakin Malama. Bari in fara da mai daɗin: ta buɗe ido ranar Lahadi, ta gane mahaifiyarta, ta nemi ruwa.

Ranar Asabar da azahar Auta ya zo gareji ɗaukar jakar Malama da ta rage a cikin motar. Ina tsaye ina ba shi jakar sai tsohon ya yi tari a ɗakin ajiya. Tari ɗaya. Auta ya dube ni, ya dubi ƙofar, ya ajiye jakar a hankali. Na riƙe masa hannu, ya watsar da ni na faɗa kan bencin aiki. Ƙafa ɗaya ya sa wa ƙofar, ƙyauren ya ɓalle.

Ya jawo shi waje ta wuyan riga, ya buga shi da jikin jar motar. Tsohon bai ko kare kansa ba, cewa yake, "Ka yi, ɗana, ni na jawo." Auta ya zaro sifanar ya sauke masa a kafaɗa, na ji ƙashin ya ba da ƙara, hannun ya saki. Tsohon ya faɗi a gindin taya. Auta ya taka masa ƙirji ya ɗaga sifanar da hannu biyu, saitin kai.

Ban san lokacin da na buɗe akwatin ba. Na dai ga na jefa sifirin a gabansa, ya yi tsalle a kan siminti ya tsaya a jikin ƙafarsa. Na ce, "Auta, ga wanda ya kashe maka ɗa. Ni na yanke shi ya yi gajarta, na gani tun ranar, na ɗaure da waya na yi shiru. Dubi bakinsa, dubi tayar." Shi ba bakanike ba ne, amma a garejina ya girma. Ya sunkuya ya ɗauka, ya ga robar taya a maƙale a bakin, ya ga wayar. Ya tambaye ni sau nawa Malama ta shiga motar bayan na sani. Na ce kullum. Ya ce ranar da na mayar da salansa fa? Na ce ranar ma na gani, ɗauri ɗaya ya tsinke, na sake ɗaurawa.

Na ɗauka ihu zai yi. Bai yi ba. Ya ɗauke ƙafarsa daga ƙirjin tsohon, ya tako wajena, ya ce, "Da wane hannu?" Yaya, da zan iya gudu, ƙofa a buɗe take. Ban san me ya riƙe ni ba. Na ɗora hannun dama a kan benci. Sau uku ya sauke sifanar. Na farkon na ji shi har cikin ƙwaƙwalwata, na biyun na ga yatsuna sun baje, na ukun ban ji komai ba sai ƙarar ƙarfe a kan katako. Ya jefar da ita ya fita, ya bar jakar. Magini ne, da kafaɗarsa a karye, ya rarrafa bakin titi ya tara mutane.

'Yan sanda sun zo jiya. Na ce musu jak ne ya zame inji ya faɗo min a hannu. Babban cikinsu ya dube ni ya ce inji mai faɗowa sau uku bai taɓa gani ba. Na ce nawa haka yake. Magini ma ya ce musu faɗuwa ya yi. Yana ɗakin da ke kallon nawa, an ɗaure masa kafaɗa, jiya har ya aiko min da lemo. Na aika masa cewa ya daina kukan fenti, ba shi da alhakin kowa.

Kada ki zo da faɗa, Yaya. Shi ya matsa a yanke, shi ya yi gudu, duk na sani, shi ma zai sani in ya huce. Amma shi bai san abin da ke ƙarƙashin motar ba, ni na sani, na bar mace mai ciki tana zama a kansa sati biyar don ina jin tsoron ƙanina. Abin da nake so ki riƙe shi ne tsohon nan yana raye, Autanki kuma bai kashe kowa ba. Bai leƙo ni ba, an ce yana zaune a ƙofar ɗakin Malama. In kin iso ki fara ta wajensa, ni ina da mai kula da ni. Hannun yana naɗe, likita ya ce sai an ga yadda kumburin zai yi. In Allah Ya yarda kafin wata biyu na koma aiki, motocin mutane suna can suna jirana.

Sai kin zo. Allah Ya kawo ki lafiya.

Ƙaninki,
Baƙin Mai

Yaya, ni ce mai rubutun, ya yi barci na ƙara wannan. Hannun ya yi baƙi tun jiya. Likita ya kira ni waje ya ce gobe za su yanke shi daga wuyan hannu, da safe zai gaya masa. An nemi jini leda biyu, nawa bai yi daidai ba. Ina tsaye a wajen masu ɗibar jini ina rarraba ido sai ga Auta, bai dube ni ba, ya kwanta ya miƙa hannu aka ɗiba. Da zai fita ya ce in na gaya wa yayansa sai ya ɓata min rai. Ban gaya masa ba. Ban kuma yi wa Auta godiya ba, kuma ba zan yi ba. Ki taho, don ban san da wane baki zan amsa masa ba in ya farka yana zancen motocin mutane.